Ku Tambayi Gwaggo: Hawaye a Sujada, Bashin Baikon Majami'a da Naman Layya

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Kamar kullum na cire sunayen masu wasiƙu, har na ɗan sauya wasu bayanai, domin Zariya duk girmanta ba ta ɓoye mutum. A ce "wata malamar makaranta" ranar Laraba, kafin a tashi sujadar Lahadi an gama sanin 'yar gidan wane ce. Masu turo saƙo ta waya da tsakar dare kuma ku yi mini haƙuri, idon tsohuwa ba ya ganin ƙananan rubutu sai gari ya waye ta nemo tabarau.

TAMBAYA: Gwaggo, ina gaisuwa. Ni matar aure ce a Samaru. Bara cikin damina na haifi ɗa namiji ba rai, bayan mun shekara shida muna jira. Tun daga nan ban koma daidai ba. Ba na barci, abinci ba ya yi mini daɗi, in an tashi waƙa a sujada kowa yana rawa, ni kuwa sai hawaye. Wata uwa a Zumuntar Mata ta ja ni gefe ta ce Kirista ba ya zama da baƙin ciki, Littafi ya ce mu yi farin ciki kullum, kuma wai wannan fuskar tawa tana ɓata shaidar ikilisiya. Yanzu na daina zuwa zumunta. Gwaggo, bangaskiyata ce ta mutu?

AMSA: 'Yata, sannu. Sannu da wannan babban rashi, ke da maigidanki. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Na fara da gaisuwa ne don ina zargin ba a yi miki ita yadda ya kamata ba. Na yi aikin ungozoma har na yi ritaya, na san yadda muke yi a ƙasar nan idan jariri ya zo ba rai. Maza su naɗe shi su je su binne kafin uwar ta farfaɗo. Ba suna, ba zaman makoki. Masu zuwa dubiya su ce, "Ai da sauran ƙuruciyarki, Allah zai ba da mai zama." Bayan kwana uku nono ya kawo, ba mai sha. Kayan jariri suna nan a akwati. Kowa ya koma harkarsa, a bar ki ke kaɗai da makokin da ba wanda ya yarda makoki ne.

Bangaskiyarki ba ta mutu ba. Wadda tata ta mutu ba ta kwana tana juyi a kan gado tana tambayar ko ta mutu.

Ayar da waccan uwa ta jefe ki da ita tana nan a Filibiyawa 4:4, ba ƙarya ta yi ba. Amma da ta koma baya kaɗan cikin wannan wasiƙar, sura 2 aya 27, da ta tarar da Manzo Bulus yana ba da labarin abokin aikinsa Abafaroditus, wanda ya yi ciwo har ya kai bakin mutuwa. Bulus ya ce Allah ya ji tausayin majinyacin, ya kuma ji tausayin shi Bulus ɗin, don kada wani baƙin ciki ya hau masa kan wanda yake da shi. Kin ji ko? Mutumin da ya rubuta a yi farin ciki kullum, a tsare yake lokacin da ya rubuta, da baƙin ciki ɗaya a zuciya, yana fargabar na biyu, kuma bai ji kunyar faɗa wa ikilisiya ba. Shi ne dai ya rubuta wa Romawa, sura 12 aya 15, cewa a yi kuka tare da masu kuka. Ban ga inda ya ce a ja su gefe a gyara musu fuska ba.

Yau da dare ki buɗe Zabura 88. Ba a cika yin wa'azi a kanta ba, kuma na san dalili. Yawancin zaburan kuka sukan fara da hawaye, kafin ƙarshe su juya su kama yabo. Wannan ba ta juyawa. Daga ayar farko har ta 18 mutum ne yake ce wa Allah wahala ta ishe shi, abokansa sun guje shi, yana kira dare da rana, kuma a kan duhu maganar ta tsaya. Allah bai sa an cire ta daga Littafi ba. Tana cikin waƙoƙin da Yesu ya tashi yana ji, shi da ya tsaya a kabarin Li'azaru ya zub da hawaye, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. In bakinki ya kasa haɗa addu'a, ki ari wannan zabura ki yi da ita.

Sai labarin Annabi Iliya, 1 Sarakuna sura 19, wanda nake so ki karanta a tsanake. Bayan wuta ta sauko a Dutsen Karmel a gaban jama'a, Yezebel ta aika masa da barazana, ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Babban annabi ke nan fa. Mala'ikan da aka aiko bai zo da tsawatawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya tashe shi ya ce ya ci, ga gurasa gasasshiya ga tulun ruwa. Ya ci ya sake kwanciya. Aka sake tashinsa ya ƙara ci, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan an gama da jiki aka zo maganar zuciya, daga ƙarshe kuma aka ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

To, bari in kwance ɗankwalin Zumunta in ɗaura hular asibiti. Abin da kika lissafa, rashin barci, rashin cin abinci, kuka ba tsayawa, janyewa daga mutane, idan ya wuce mako biyu yana hana mutum harkokinsa, ma'aikatan lafiya sukan fara tunanin ciwon damuwa. Ke kuwa kin haura shekara. Ciwo ne, yana yawan kama mata bayan haihuwa, balle wadda ta fito daga ɗakin haihuwa hannu wofi, kuma yana da magani. Wanda ya karye a ƙafa ba a ce masa ya tashi ya taka rawa don a ga bangaskiyarsa, wurin maɗori ake kai shi, ana tafe ana addu'a. Ki je asibiti a auna jininki, domin ƙarancin jini shi kaɗai yakan sa kasala, a duba hawan jini, sannan ki faɗa wa likita duk abin da kika faɗa mini, kada ki rage. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin kin haukace, kada kowa ya tsorata ki da wannan. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki. In kuwa har tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ko sau ɗaya, ba maganar mako mai zuwa ba ce, ki faɗa wa maigidanki yau ku tafi.

Da na ambaci maigida, ba ki ce komai a kansa ba. Mai yiwuwa shi ne ya ɗauki yaron zuwa maƙabarta. Maza ba a yi musu ko ɗan sannun da ake yi mana. Ki tambaye shi inda aka sa yaron, in kina so ku je tare. Na san iyalan da suka raɗa wa irin wannan jariri suna tsakaninsu su biyu, kuma abin ya sauƙaƙa musu.

Zumunta kuwa ba sai kin koma taro yanzu ba. Ki nemi mace ɗaya mai riƙe magana, wadda ta iya zama shiru. In kin duba cikin tsofaffinku za ki sami wadda ta taɓa binne ɗa, ba a rasa su. Ku kuma iyaye mata na Zumunta, ni taku ce, da ni aka tsufa a ciki, shi ya sa zan faɗa. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 a ƙasa ba wanda ya ce uffan, nan ne kaɗai suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, sai da Allah ya ce musu a sura 42 ba su faɗi gaskiya a kan shi Allah ɗin ba. Mun iya dafa abincin biki, mun iya anko, mun iya ganga da shantu. Mu koyi kai kwanon tuwo gidan mai baƙin ciki mu zauna ba tare da wa'azi ba.

TAMBAYA: Gwaggo, na gama digiri, na yi bautar ƙasa, shekara huɗu ke nan ba aiki. Keke Napep nake ja tsakanin Kwangila da PZ, kuma na wani ne, kullum sai na kai balas. Ina cikin mawaƙan ikilisiyarmu, ban taɓa wasa da zakka ba. Amma duk Lahadi lokacin shaida, wannan ya ce ya sami aiki a Abuja, wancan ya sami biza, wani ya kawo sabuwar mota a yi mata addu'a. Ina tafi, zuciyata tana ƙuna. Wani mai wa'azi a Facebook ya ce akwai la'anar gado a gidanmu, sai na shuka iri, wato in tura masa kuɗi, kafin ta karye. Me na yi wa Allah?

AMSA: Ɗana, kafin komai, kada ka tura wa mutumin nan ko sisi. Bai san sunan kakanka ba, lambar asusunsa kawai ya sani. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambayi Yesu ko zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Yana nan a Yahaya sura 9. Siman mai sihiri kuma da ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ka je Ayyukan Manzanni sura 8 ka ji amsar da ya samu, ba ta da daɗi.

Wani ɓangare na wahalarka kowa ya san ranar da ta fara. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai zakka da marar zakka, Kirista da Musulmi, layi ɗaya suke bi a gidan mai, kuɗi ɗaya suke biya. Ɗan'uwanka mai keke da yake tsayawa sallar azahar a Kwangila shi ma da digirinsa a akwati, wace la'ana ce ta haɗa kakanninku?

Ƙunar da kake ji kishi ne, kuma ka yi kyau da ba ka sa masa wani suna ba. Asaf, shugaban mawaƙa irinka, ya rubuta a Zabura 73 cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame saboda ganin wadatar wasu, har ya ce ashe a banza ya tsarkake zuciyarsa. Ya faɗa wa Allah haka a fili. Kai ma ka faɗa. Sai dai ka lura, Asaf mugaye yake kallo, kai kuwa 'yan'uwanka ne, ba su ƙwace rabonka ba.

Laifin da nake gani yana wurin yadda muke ba da shaida yanzu. Karanta Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya ya sa aka kashe shi da takobi. Ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku da dare. Ikilisiya ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu da suka bar jirgin kamun kifi rana ɗaya. Da a majami'unmu na yau ne, Bitrus za a ba makirufo, uwar Yakubu kuma ta zauna a bencin baya tana tambayar kanta me ɗanta ya yi. Ina jiran ranar da fasto zai kira wanda ya shekara huɗu yana kai balas bai taɓa cin kuɗin mai keke ba, ya ce ikilisiya ta tafa masa. Fasinja ya manta waya ka mayar, wannan ba shaida ba ce?

Mu a Wusasa muna yawan alfahari da manyanmu: Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, da ya tashi a nan. Amma rabin labarin muke so. Gowon ya yi shekara 9 yana mulkin ƙasar nan, aka tuɓe shi a Yulin 1975 yana wurin taro a Kampala. Sai ga shi a Ingila ya koma ɗalibi a Jami'ar Warwick, har jaridu suka buga hotonsa da tire a hannu a ɗakin cin abincin ɗalibai. Mutane da yawa a nan sun ji kunyar hoton. Mahaifiyata kuwa, da aka nuna mata, cewa ta yi, "To, ai yana da rai, kuma bai mutu da yunwa ba." Tsofaffinmu haka suke auna abu.

Ga abin yi. Ka shiga adashin 'yan keke, ko naira 500 ce a rana, ka sa wa ranka mallakar naka, domin wanda ba ya kai balas ya rage maigida ɗaya. Da yamma ka nemi yaran da za ka koya wa darasi a gida, Samaru da Palladan cike suke da iyayen da suke nema, kuma digirin ba zai yi tsatsa ba. Takardar neman aiki kada ka daina aikawa. Wayar nan kuma ka rage kallonta da dare, ba wanda yake ɗora hoton bashinsa a Facebook. Bulus ma da karatunsa a gaban Gamaliyel, ɗinkin tanti ya ci da shi a Koranti.

TAMBAYA: Gwaggo, ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari. A godiyar kaka ta bara aka sa ni babban baƙo, aka kira sunana a gaban jama'a, kunya ta sa na yi alkawarin naira 200,000. Ba ni da su, sai na ci bashi a wata manhajar waya na biya. Yanzu ruwan bashin ya kusa kai uwar kuɗin, suna tura wa mutanen da ke wayata saƙon cin mutunci, dilan da yake ba ni kaya yana bi na, kuɗin makarantar yara biyu ban biya ba. Ga shi bana ma an sake kawo mini ambulan. In na ƙi, ba na hana Allah ke nan ba?

AMSA: Ƙanena, ka mayar musu da ambulan ɗin da hannunka, kada ka aika yaro. Ka sami fasto shi kaɗai ka ce, "Baba, bara da bashi na ba da, har yanzu ina ciki, bana ba zan iya ba." In makiyayi ne na gaske zai ji nauyin abin fiye da kai.

Kuɗin da ka bayar bara ba naka ba ne. Kuɗin dilanka ne da na makarantar 'ya'yanka ka kai gaban bagade, aka tafa maka. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, aya ta gaba kuma ta ce ba nufin a sauƙaƙa wa wasu a matsa muku ba ne. Gwauruwar nan da Yesu ya yaba a Markus sura 12, 'yan kuɗinta biyu nata ne, ba rance ta ci ba, kuma ba wanda ya kira sunanta da lasifika. Yesu ne kawai ya lura. A Markus sura 7 ma ya yi wa Farisiyawa faɗa saboda suna koya wa mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah. 1 Timoti 5:8 ta fi duka zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba, je ka karanta da kanka.

Da ina yarinya, godiyar kaka damin dawa ne, da buhun masara, da rake, da kabewa, da kaza an ɗaure mata ƙafa tana ta kuka a gaban majami'a. Wanda ya noma kaɗan ya kawo mudu ɗaya a ƙwarya, ba mai rubuta wa ya kawo me. Ban ce zamanin da ya fi na yanzu tsarki ba, muna da namu tsegumin. Amma wannan al'ada ta kiran suna da adadi, a sa mutum ya miƙe tsaye ana kiɗa har sai ya ƙara, daga wuraren biki da gidauniyar 'yan siyasa muka kwaso ta. Matiyu 6:3 ta ce kada hagu ta san abin da dama take yi. Dattawan ikilisiya, kuna ji na.

Ka zauna da uwargida ku rubuta duk bashin a takarda ɗaya, kada ka ɓoye mata ko kwabo. Fara da na manhajar, domin shi ne yake haihuwa kullum, kuma kada ka ci na wata manhajar don ka biya wannan. In akwai abin sayarwa a gida, a sayar. Dilan kuwa ka je wurinsa kafin ya zo wurinka, ka yanka masa abin da za ka riƙa kawowa duk mako, ka kuma cika. 'Yan kasuwa sun fi jin haushin mai ɓuya a kan mai jinkiri. Makaranta ma haka, shugabar za ta fi sauraron uban da ya zo da kansa. Ranar godiya ka ɗauki mudun shinkafa ɗaya daga shagonka, ka bi layi tare da kowa.

TAMBAYA: Gwaggo, mu sababbin zuwa ne Tudun Wada. Da Babbar Sallah maƙwabtanmu Musulmi suka aiko mana da naman layya. Surukata ta ce haram ne Kirista ya ci, abin hadaya ne, ta sa aka ba almajirai a ɓoye. Ni kuwa raina bai so ba, don mutanen kirki ne. Wa ya yi daidai?

AMSA: 'Yata, ni dai ina ci, iyayena sun ci, kuma in aka yi Sallah ba a aiko mini ba sai na aika a tambaya ko lafiya. Mu nan kusan kowane tsohon gida yana da dangi a cikin birni, wani kawunsa liman ne, wani yayarsa tana aure a Ƙofar Doka. Su aiko da nama da Sallah, mu aika da shinkafa da cincin da Kirsimeti, kuma mukan kai kaza ko akuyar wurin Musulmi ya yanka don su ci hankali kwance.

Surukarki ba daga kanta ta ƙago ba, tana tunanin Ayyukan Manzanni 15:29 ne, inda aka hana cin abin da aka miƙa wa gumaka. Amma maƙwabtanki ba gunki suka yanka wa ba, kuma in sun ji an ce haka ransu zai ɓaci ƙwarai, da gaskiyarsu. Suna tunawa da biyayyar Ibrahim ne, suna raba nama ga maƙwabta da mabukata. Ko a Koranti, inda gumakan suke da gaske, Bulus ya ce in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, ka ci abin da aka sa a gabanka ba tare da bin diddigi ba, 1 Korantiyawa 10:27. Na san akwai masu bi na ƙwarai da lamirinsu bai ba su ba, Romawa sura 14 kuma ta hana mai ci ya rena marar ci, ta hana marar ci ya hukunta mai ci. Saboda haka kada ki tilasta wa tsohuwa, kada kuma ki yi mata wa'azi, uwar mijinki ce. Ki sa maigidan ya yi mata magana, ita ta bar nata, ku ku ci naku.

Ɓoyewar nan ce ban so ba. A Tudun Wada kike, almajirin da aka ba naman ya san kwanon gidan da ya fito. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya iso Zariya aka ƙone majami'u, yarana a ɗakin wata maƙwabciya Musulma suka kwana, wadda muka shekara muna musayar kwano da ita. Ki je da kanki ki yi musu barka da Sallah ko da ta wuce, ki mayar da kwanon da wani abu a ciki.

TAMBAYA: Gwaggo, ni dattijo ne a Muciya. Matasanmu sun mayar da sujada Turanci, da ganguna na lantarki, ba a ƙara buɗe Littafin Waƙoƙi sai ranar jana'iza. Ina fita majami'a ba abin da na ɗauka. In koma wata ikilisiya?

AMSA: Yaya, ina jin ka, kunnena ma yana shan wahala, musamman in aka sa ni kusa da lasifika. Kuma kana da hujja. Likita Miller, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa. Shi da abokan aikinsa, har da Hausawan da suka zauna da su suna gyara musu magana, sun sha wahala kafin Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, aka sake fassara shi a 1979. Ba don a adana shi sai ranar jana'iza aka yi wannan aiki ba.

Amma kada ka tafi. In tsofaffin da suka san muryar waƙoƙin suka watse, wa zai koya wa yaran? Yawancinsu ba ƙi suke yi ba, ba su iya karanta Hausa da sauri ba ne, kuma suna jin kunyar a gane. Ka kai maganar majalisar dattawa, ka nemi abu ƙarami da za a iya yi: waƙa biyu daga Littafin Waƙoƙi kowace Lahadi, da karatu ɗaya da Hausa. Sannan ka je wurin koyon waƙarsu ranar Asabar da littafinka a hannu, ka ce mai kibod ya bi ka. Ka ɗan riƙe musu ƙosai, sun fi saurin koyo in ciki ba wofi ba.

Mai wasiƙa daga Shika da ya yi tambaya a kan gadon gwauruwa da 'yan'uwan miji, maganarka tana buƙatar fili, kuma ina so in fara zama da wata lauya a ikilisiyarmu kafin in amsa. Ka duba fitowa ta gaba. Kafin nan kada kowa ya sa hannu a kowace takarda.

Taku,
Gwaggo, Wusasa